Kundin aikin kwazazzabo: inda muka kwana kan neman tallafin muhalli

11 ga Janairu, 2025

Kwamitin ƙungiyarmu ya tsayar da magana yau: za mu nemi kuɗin waje don kwazazzabon da ke cin gonaki a bayan unguwa, wanda ruwansa ke gangarawa rafin Kubanni a nan Zariya. Ni ne sakatare, saboda haka ni aka ɗora wa rubuta duk abin da ake ciki, kada a wayi gari ana wane ya ce, wane bai ce ba.

Kwazazzabon ya fara ne daga wata 'yar hanyar shanu. Yanzu a wasu wuraren zurfinsa ya shanye tsayin mutum biyu, kuma kowace damina sai ya ƙara matsowa wajen gidaje. Shugaba ya ce kullum rediyo na maganar biliyoyin daloli na sauyin yanayi, mu ma ai yanayin ya sauya mana. Gaskiya ne. Amma babu wanda ya san ƙofar da ake bi a cikinmu, sai aka ce in je in nemo.

25 ga Janairu

Na zauna da wani dattijo a Samaru, tsohon malamin jami'a da ya sha rubuta takardun neman tallafi kafin ya yi ritaya. Abin da ya fara gaya mini shi ne in cire wa mutanenmu tunanin cewa akwai wani ofis guda da ake kai kuka. Asusu-asusu ne daban-daban, kowanne da dokarsa, kuma kusan dukkansu ba sa karɓar takarda daga hannun ƙungiya irin tamu.

Babban cikinsu a harkar sauyin yanayi shi ne asusun GCF, wanda aka amince da kafa shi a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Kankun ta ƙasar Meziko a 2010, hedikwatarsa na Songdo a Koriya ta Kudu. Kafin ya dubi aiki, dole wata cibiya da ya riga ya tantance ce za ta kawo shi, irin su bankunan raya ƙasa da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Dole kuma hukumar da gwamnatin ƙasar ta naɗa ta ba da takardar cewa ba ta da ja. Daga nan ma'aikatan asusun su duba, wani kwamitin ƙwararru mai zaman kansa ya duba, sannan a kai gaban hukumar gudanarwa mai mutum 24, rabi daga ƙasashe masu arziki, rabi daga masu tasowa. Abin da suke kira hanya mai sauƙi, wadda aka tanada don ayyukan da ba su da haɗari ga mutane da muhalli, tana kaiwa dala miliyan 25. Da ya faɗi haka na yi dariya. Na ce, Malam, ashe ƙaraminsu ma ya fi ƙarfin kasafin unguwarmu har jikoki.

Na biyu shi ne asusun GEF, wanda ya girmi wancan. An kafa shi a 1991, gab da taron muhalli na duniya da aka yi a Riyo ta Brazil a 1992, ofishinsa na Washinton. Shi ke ba da kuɗin aiwatar da yarjejeniyoyin duniya kan halittu, sauyin yanayi, kwararowar hamada da sinadarai masu guba. Ƙasashe masu ba da gudummawa suna cika shi duk shekara huɗu. Zagaye na takwas, daga 2022 zuwa 2026, an yi alkawarin dala biliyan 5.33. Kowace ƙasa mai karɓa ana ware mata kasonta bisa wani lissafi, kuma akwai jami'in tuntuɓa na ƙasa, wanda namu yake Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. In bai sa hannu ba, aiki ba ya motsi. Ko ya sa, sai ɗaya daga cikin hukumomi 18 da asusun ya amince da su ta ɗauki aikin, irin su hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na raya ƙasashe (UNDP), muhalli (UNEP) da abinci da noma (FAO), da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka. Babban aiki yana farawa da gajeriyar takardar gabatarwa, majalisar asusun mai kujeru 32 ta amince da shi a ɗaya daga cikin zamanta biyu na shekara, sannan a koma a shafe fiye da shekara ana rubuta cikakken tsari kafin shugaban asusun ya sa hannu na ƙarshe.

Na tambaye shi, to Malam, mu ina muka dosa? Ya ce akwai ƙaramar ƙofa a jikin GEF ɗin, in dawo mu yi maganarta bayan na duba abin da ke kusa da gida.

8 ga Fabrairu

Na duba na kusa da gida. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, jihohi 11 na bakin hamada ya fi shafa a Najeriya: Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci, Gwambe da Adamawa. Kaduna ba ta ciki, duk da Zariya ba ta da nisa da iyakar Kano da Katsina.

Wanda ya shafe mu shi ne ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da jure wa sauyin yanayi, na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne rance ne aka bai wa gwamnatin tarayya, kuɗin kuma ta ofishin aikin na jiha suke bi, bisa tsarin magudanan ruwa da aka zana. Ƙungiya ba ta neman kuɗin a hannunta. Abin da za ta iya shi ne ta kai rahoton wurin don a san da shi. Kwamiti ya ce a rubuta wasiƙa a haɗa da hotuna. Mun rubuta.

22 ga Fabrairu

Ƙaramar ƙofar ita ce shirin ƙananan tallafi na GEF, wanda UNDP ke gudanarwa tun 1992, ya kuma fara aiki a Najeriya a 2009. Shi kam kai tsaye yake bai wa ƙungiyoyin al'umma da masu zaman kansu. Ba a bai wa mutum ɗaya, ba a bai wa ma'aikatar gwamnati. An daɗe iyakar tallafin aiki guda dala 50,000 ce, kuma ba Washinton ake yanke hukunci ba, wani kwamitin ƙasa ne a nan Najeriya, wanda yawancin mambobinsa ba jami'an gwamnati ba ne, aikin sa-kai suke yi.

Sharuɗɗan cancanta su ne suka cinye zaman yau. Ƙungiya ta zama mai rajista. Mu takardar ƙaramar hukuma muke da ita tun kafuwarmu, Malam kuwa ya ba da shawarar mu yi ta tarayya a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, wato rajistar amintattu, domin ita bankuna da masu ba da tallafi suka fi ganewa. Wannan na nufin tsarin mulki a rubuce, sunayen amintattu, da sanarwa a jarida. Sai asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, da takardar SCUML ta yaƙi da halatta kuɗin haram. Sai kuma shaidar cewa mun taɓa yin wani aiki mun kuma riƙe lissafinsa. A nan tsohon littafin ma'aji ya yi rana. Shekara da shekaru yana rubuta kuɗin gayyar yashe kwata da na gyaran maƙabarta, ana yi masa tsiyar ƙwauro, yau ga shi littafin ya zama hujja.

15 ga Maris

Azumi, aiki ya lafa. Wani mutum ya zo da jaka da katin shaida a wuya, wai yana da fom na kuɗin muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya, a biya kuɗin rajista ya shigar da sunanmu. Ma'aji ya tambaye shi sunan asusun, sai ya shiga kame-kame. Duk hanyoyin da na bincika babu wadda ake sayen fom. An ba shi haƙuri ya kama gabansa.

12 ga Afrilu

Zaman da ya fi kowanne zafi. Yawancin 'yan kwamiti kwalbati suke so da doguwar kwata ta siminti, saboda abin da ido ke gani ke nan, kuma shi zai sa amalanke da babur su riƙa wucewa da damina. Malam ya zo da kansa, ya ce in muka rubuta haka ko shafi na biyu ba za a buɗe ba.

Dalilinsa shi ne ginshiƙin duk tsarin GEF. Asusun ba ya biyan abin da yake haƙƙin gwamnati ko na al'umma ne su yi wa kansu, kamar hanya, kwalbati ko rijiya. Yana biyan ƙarin da zai sa aikin gida ya amfani muhallin duniya baki ɗaya. Saboda haka tambayar da takarda za ta amsa ita ce: in ba a ba da kuɗin nan ba me zai faru, in an bayar kuma wane amfani ne zai ƙaru wanda ya wuce na unguwarku? Kuma dole amfanin ya faɗa cikin ɗaya daga fannonin asusun. Namu fannin lalacewar ƙasa ne.

Wani dattijo ya ce, Malam, wato gidana da ke shirin faɗawa rami bai dame su ba, ƙasar da ruwa ke kwashewa ce ta dame su? Malam ya ce, Baba, kusan haka ne, amma abin da zai tsare ƙasar shi zai tsare gidan. A ganina dattijon bai yi kuskure ba da abin ya sosa masa rai. Tsari ne da aka gina don kada masu ba da kuɗi su ɗauke wa gwamnatoci nauyinsu, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai a inda gwamnatin ba ta iso ba, talaka ne ake bari ya koyi bayyana damuwarsa da bakin wasu.

Duk da haka, da muka sake tsara aikin sai ya fi na farko ma'ana. Siminti a tsakiyar kwazazzabo ba ya hana ruwa taruwa daga sama. Sau da yawa ruwan kan zagaye shi ya buɗe sabon rami a gefe. Abin da muka tsayar shi ne a rage gudun ruwan tun daga gonakin tudu da kunya-kunya a gicciye, a jera shingayen duwatsu da buhunan ƙasa a cikin ramin don laka ta riƙa kwanciya, a dasa jema da gamba a gaɓa, sannan itatuwa daga baya. Jema ce abin dogaro, domin saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta yaɗuwa ta cinye gona. Hujjar da ta wuce unguwa kuwa a fili take: duk lakar da ta bar gonakinmu Kubanni take zuwa, inda madatsar ruwan Jami'ar Ahmadu Bello take, kuma masanan jami'ar sun daɗe suna rubutu kan yadda laka ke cike madatsar. Kubanni kuma Galma yake faɗawa.

An yi gardama kan irin itace. Matasa turare suke so saboda saurin girma da kuɗin katako. Mata suka ce ɗorawa, saboda kalwa. Turare baƙon itace ne mai shan ruwa, kuma kwamitin ƙasa, da yake yana kula da halittun gida, ba zai yi murna da shi ba. An tsaya kan ɗorawa, tsamiya, gawo da kargo, da zogale a bakin gonaki don a samu abin taɓawa da wuri. Maganar kwalbati an mayar da ita wasiƙar ƙaramar hukuma.

3 ga Mayu

Ƙasa. Babu mai ba da tallafin dashe a filin da ba a san mai shi ba, kuma gaɓar kwazazzabon gonakin gado ne, wasu ba a raba ba, wasu aro, ɗaya jingina. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, amma a aikace wanda zai hana a tuge dashe shi ne magaji da mai unguwa.

Mun je gaban dagaci tare da mai unguwa. Shugaba ya ce, ranka ya daɗe, ba gona muke nema ba, taku kaɗan muke roƙo daga bakin rami, wanda ko an bari ruwa ne zai ci. Dagaci ya ce a kira magada duka, har mata, kada a ji daga baya wata ta ce ba a shawarce ta ba. An rubuta yarjejeniya da Hausa: ƙasa ta mai ita ce, itacen da aka dasa da 'ya'yansa nasa ne, amma ba zai sare ba, ba zai yi huɗa har bakin gaɓa ba. Gida ɗaya bai sa hannu ba tukuna, babban wansu yana Legas.

Akwai wasu rukuni biyu da ƙa'idojin kare jama'a suka tilasta mana zama da su, kuma gara da aka tilasta. Duk waɗannan asusun suna tambaya ko aiki zai raba wani da wurin zamansa ko hanyar cin abincinsa. Masu ɗiban yashi a cikin ramin suke samun na cefane, su ne kuma ke ƙara zurfafa shi. Makiyaya ta nan suke bi da rani zuwa ruwa. Arɗo ya ce shi ba ya faɗa da itace, a bar masa mashigi kawai. An bar mashigi biyu, za a shimfiɗa musu duwatsu. Masu yashi sun fi wuya. Mun sa su cikin masu aikin shinge da za a biya, amma aiki ne na watanni, yashi kuwa sana'a ce. Na rubuta haka a takardar yadda yake, a sashen haɗura, tare da cewa duk mai ƙorafi ya kai wa mai unguwa da wakiliyar mata.

31 ga Mayu

Ruwa ya sauka. Kafin ya kankama, ɗalibai biyu da Malam ya turo sun auna tsawo, faɗi da zurfin ramin, sun ɗauki lambobin wuri da waya, sun kafa turaku a gaɓa. Wannan shi ne ma'aunin farawa. Abin da asusun GEF yake ƙirgawa shi ne hektar ƙasar da aka farfaɗo, da yawan waɗanda suka amfana, maza daban mata daban. In ba ka auna kafin aiki ba, ba ka da abin nunawa bayansa.

21 ga Yuni

Wani ɗan unguwa da ke aiki a Abuja ya zo hutun Babbar Sallah da maganar kuɗin kabon: tunda itace za mu dasa, me zai hana mu sayar da iskar da zai zuƙe? Na bincika. Hanya ce ta gaske, ta samo asali daga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Kiyoto ta 1997, yanzu kuma sashe na 6 na yarjejeniyar Paris ne ke ɗauke da ita, an kuma kammala ƙa'idojinsa a taron Baku na Nuwambar 2024. Akwai kuma masu rajista masu zaman kansu irin su Verra da Gold Standard. Sharaɗin farko shi ne ka tabbatar aikin ba zai yiwu ba in ba da kuɗin kabon ba. Sai ka bi hanyar lissafi da aka amince da ita, ka ɗauko mai bincike mai zaman kansa ya tantance tsarin, ya kuma riƙa dawowa yana aunawa. Itacen kuma dole ya tsaya shekaru gommai. In gobara ko gatari ya ci shi, lissafi ya rushe. Kuɗin masu binciken kaɗai ya fi abin da 'yar gaɓarmu za ta taɓa samarwa. Irin wannan sai mai dubban hekta, ko wanda zai haɗa ƙauyuka da yawa a rajista guda. Mun ajiye maganar.

19 ga Yuli

Gudummawar gida. Shirin ƙananan tallafi na GEF yana son a ga al'umma ta zuba nata, burinsa ma abin da ake haɗawa daga wasu wurare ya kai kwatankwacin abin da ya bayar. Da aka faɗi haka fuskoki suka canja, sai ma'aji ya ce ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya kwantar da hankali shi ne ba sai tsabar kuɗi ba. Ranar aikin gayya ana ƙiyasta ta da kuɗin ƙodago, haka filin renon dashe, takin gida, amalanken da ya kwaso dutse, da lokacin ɗaliban da suka yi awo. Sharaɗin dai a rubuta, a sa hannu.

Ba mu jira kowa ba. Matan adashe sun karɓi renon dashe a bayan gidan wakiliyarsu, suna cika leda da ƙasa da taki. Matasa sun jera shingayen farko a saman ramin, an kuma dasa layin jema da aka samo daga fadama.

16 ga Agusta

Ruwan makon jiya ya tafi da shinge ɗaya, sauran sun tsaya, laka ta kwanta a bayansu har ana iya gani. Mun ɗauki hoto a jikin turakun.

Kasafi ya kammala. Kuɗin ba a dunƙule suke zuwa ba, kashi-kashi ne: a sa hannu a yarjejeniya a saki na farko, sai an kawo rahoton aiki da na kuɗi da rasit kafin na biyu. Mun sha wahalar farashi, domin abin da aka rubuta yau ba lallai ya sayi buhu ɗaya ba nan da wata shida. Mai dutse da mai amalanke kuma ba su san rasit ba, sai ma'aji ya buga takardar karɓar kuɗi da za a riƙa dangwala wa yatsa.

20 ga Satumba

Takardar CAC ta fito, asusun banki ya buɗe, babban wan nan na Legas ya zo ya sa hannu. Mun aika wa shirin ƙananan tallafi taƙaitaccen bayanin aiki. Yadda tsarin yake, mai kula da shirin na ƙasa zai fara dubawa ko mun cancanta, ko kuma aikin ya dace da manufofin da shirin ya tsara wa Najeriya. In ya wuce nan a nemi cikakkiyar takarda, wataƙila a zo a ga wurin, sannan kwamitin ƙasa ya amince, ko ya dawo da ita a gyara, ko ya ƙi.

25 ga Oktoba

Damina ta ɗauke. Ɗaliban sun dawo sun sake awo: inda aka yi shinge da jema gaɓa ba ta kai turaku ba, can ƙasa kuwa inda ba a taɓa ba ruwa ya tafi da wasu turakun. An haɗa awon biyu a takarda guda don cikakkiyar takardar, in an nema.

Abin da ke gabanmu shi ne rani. Dashen da ke leda yana buƙatar ban ruwa har zuwa Yuni, rijiyar gidan wakiliyar mata kuma takan ja baya daga Maris. Ko da an amince da aikin gobe, sai an lissafa lokacin sa hannu da sakin kashin farko, alhali dutse da buhu dole su kasance a bakin rami kafin Mayu. Kwamiti ya raba aiki: shugaba da mai unguwa za su bi sawun wasiƙar kwalbati da ta ofishin ACReSAL na jiha, ma'aji zai tattara karo-karon sayen ƙaya da waya don kare jemar daga awaki, ni kuma zan zauna da masu yashi a sati mai zuwa, domin biyu daga cikinsu sun koma ɗiba a ƙasan shinge na ƙarshe.